Kada ka ɗaura musu aure da bakinka

Ɗana, ka tambaye ni me za ka ce da Hausa idan Baturiya ta kira uwar mutumin da take zaune da shi mother-in-law, alhali ba a ɗaura musu aure ba. Muddin aikin tafinta za ka yi a Ingila, za ka riƙa cin karo da wannan. A 2021, karon farko a tarihi, fiye da rabin jariran da aka haifa a Ingila da Wales iyayensu ba su da aure kuma ba su da rajistar zaman tare. Turanci bai tanadar wa dangin irin wannan zama suna ba, sai mutane suke aron na masu aure. Wasu cikin raha su ce out-laws, wato dangin da doka ba ta san da su ba.

Kana cewa "surukarta", Bahaushen da ke sauraronka ya riga ya ji sadaki da waliyyi da shaidu. A wajen liyafa wannan ba zai cutar da kowa ba. A ofishin lauya kuwa ɓarna ce babba, domin a dokar Ingila zaman tare ba ya zama aure ko da an shekara 30. Idan namijin ya rasu bai bar wasiyya ba, matar ba ta da gado kai tsaye, sai dai ta je kotu ta nema. Ka ga kalma ɗaya daga bakinka za ta iya sa iyali su yi lissafi a kan auren da babu shi.

Amma abin da ya fi damuna da sababbin tafintoci shi ne "dadiro" da "farka". Waɗannan zagi ne a kunnen Bahaushe, ita kuwa matar da girmamawa ta ambaci tsohuwar. Ra'ayinka game da zamansu naka ne, ba shi aka ɗauke ka ka isar ba.

Ni cewa nake yi "mahaifiyar wanda take zaune da shi". Yana da tsawo, amma haka abin yake. Idan akwai 'ya'ya, kaka dai kaka ce, faɗi kai tsaye. In kuma ba ka gane ko da aure ko babu ba, dakata ka nemi izinin tambaya, ka sanar da ɓangarorin biyu abin da ka tambaya da amsar da aka ba ka.