Amsa ga mai son fara lissafin tsuntsaye

Malam, ka tambaya ta ina za ka fara rubuta tsuntsayen da kake gani cikin shekara, tunda kullum kana kan hanya. Ka fara daga gida, ranar 1 ga Janairu. Hasbiya, kurciya, hankaka, balbela, shirwa da ke shawagi a kan Dala, duk a cikin birnin Kano za ka same su. Ka sayi ƙaramin littafi, ka rubuta suna da rana da wuri. Kowane iri sau ɗaya yake shiga.

Ranar ita ce mai muhimmanci. Shamuwa, alal misali, ba ta zuwa sai damina ta kusa, to in kana rubuta ranar da ka fara ganinta duk shekara, za ka riƙa kwatantawa. Ungulu kuwa, wadda da muke gani a mahauta, yanzu sai an dace, abin yana damuna ƙwarai.

In hanya ta kai ka Haɗeja ko Nguru lokacin hunturu, don Allah ka tsaya a fadama da sassafe. Tsuntsayen Turai suna sauka can. Wanda ba ka gane ba, ɗauki hotonsa ka tambayi masunta.