Ku Tambaya Mu Amsa: Wai da gaske ana noman lambu cikin duwatsun Abzin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne, ina saida kayan miya a babbar kasuwar Maradi, tafarnuwa da albasa da dankalin turawa. Direbobin da ke kawo mana kaya kullum sai su ce wai wannan tafarnuwar ta Bagzan ce, can cikin duwatsun Abzin, ni kuwa a sanina Agadas ba komi sai rairayi da rana. Kakana ma Allah ya jiƙan shi yakan ba mu labarin masu raƙuma da ke sauka gonarshi bayan girbi. Don Allah a fayyace min, ina ma son in je in gani da idona.
Daga mai karatu, unguwar Mokoyo, Maradi.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya sa albarka cikin kasuwa. Direbobinku gaskiya suka faɗa maka. Rairayin da kake ji shi ne Tenere, yana gabas, amma Abzin ɗin kanshi duwatsu ne baƙaƙe manya manya da koramu a tsakaninsu, in damina ta yi ruwa ya gangaro daga kan dutse sai ya nutse cikin yashin korama, mutane su gina rijiya kusa kusa su yi lambu. A da, sa ko raƙumi ne ke jan guga tun asuba, yanzu injin ban ruwa ya yawaita.

Bagzan ɗin nan tudu ne guda, ƙololuwarshi mita 2,022 ce, duk Nijar babu inda ya kai shi tsawo, kuma akwai ƙauyuka a samanshi, sanyin wurin shi ya sa tafarnuwa da dankalin turawa ke yi sosai. A ƙasan dutsen kuma akwai Tabelot, garin albasa. Timia ita tana da nisan kilomita 200 da wani abu daga Agadas, nan kam lemu ne da rumman da dabino, ga wani wuri kusa da garin inda ruwa ke zubowa daga kan dutse ya taru ƙasa kamar tafki, wallahi wanda bai taɓa gani ba in aka ce mishi cikin hamada yake ba zai yarda ba. In ka je kada ka dawo ba ka sayo cuku ba.

Maganar kakanka kuwa ita ta fi taɓa ni. Waɗannan baƙin ayarin gishiri ne. Wajen watan Oktoba suke tashi daga Abzin, madugu a gaba, su ratsa Tenere har Fashi da Bilma, su ba da gero su karɓo kantu da dabino, su dawo gida su ɗan huta, daga nan su gangaro ƙasar Hausa su saida gishirin su sayi geron shekara. Raƙumansu su ci kara a gonakin da aka girbe su bar ma mai gona taki, shi ya sa manoma ke marhabin da su. Kenan geron da kakanka ya noma ta yiwu ya ƙetare hamada a bayan raƙumi, kantun da awakinshi suka lasa kuma daga Bilma ya fito. Kasuwancin da kake yi yau da kamiyo tsohuwar hulɗa ce ka gada, kaya ne suka canza.

Game da tahiya, hanya biyu ce, ko ta Tawa da Abalak ko ta Damagaram da Tanut. Ka je lokacin sanyi, ka riƙe bargo don daren dutse ba wasa. Daga Agadas zuwa cikin duwatsu ba kwalta, kuma kada ka shiga kai kaɗai, ka bi direbobin da ka sani, ka tambayi mutanen gari da hukuma halin hanya a satin da za ka tashi. Harshe ba zai dame ka ba, a Agadas Hausa ake yi a kasuwa.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Ɗiyata ce aka tura aiki Agadas, za ni ziyara bayan Salla. Banda masallacin nan mai dogon hasumiya da ake nunawa a tele, me kuma ya kamata in gani?
Daga wata Hajiya, unguwar Zariya, Maradi.

AMSA: Hajiya ina amsawa, Allah ya kai ki lahiya. Masallacin dai kada ki raina shi don kin saba ganinshi a hoto. An gina shi a 1515, aka sake gina shi a 1844, hasumiyar mita 27 ce kuma duk da laka, itatuwan da ke fitowa jikinta su ke riƙe ginin, su ne kuma magina ke takawa in za a yi yaɓe. Fadar Sarkin Abzin tana nan dab da shi. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya, duwatsun Abzin da Tenere su tun 1991 suka shiga. Ki sa ɗiyarki ta zagaya da ke lungunan tsohon gari da yamma, ki leƙa wurin maƙeran azurfa da dukawa, in kuma ziyararki ta kai Muharram za ki tarar da bikin Biyanu.

Wajen gari, ta hanyar Arlit, akwai Dabus inda mutanen zamanin da can suka sassaƙa raƙumin dawa jikin dutse dubban shekaru da suka wuce, tsawon babban ya haura mita 5, lokacin wurin ciyawa ne da namun daji. Cikin duwatsu kuma akwai kangon Asode, tsohon birnin Abzinawa da ya watse, har yanzu ana ganin sauran bangon babban masallacinshi. Amma Hajiya hanyar Asode tana da wahala ga babba, ni dai shawarata ki tsaya cikin gari, Dabus ɗin ma sai in surukinki ko wani amintacce zai raka ku da mota mai ƙarfi.