Amsoshin Tambayoyinku: Gora, Leda da Kwali Sun Cinye Riba

Wasiƙun wannan makon kusan duk kuka ɗaya suke yi, tsadar abin zuba kaya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, Naira kuma ta faɗi, duk abin da aka yi da roba ya yi tashin gwauron zabo.

Tambaya: Ina yin kunun aya da zoɓo a gida, da su nake riƙe marayuna. Kuɗin sabuwar gora ya kusa cinye ribar. Maƙwabciyata ta ce in riƙa sayen tsofaffi wurin 'yan jari-bola in wanke. Me kike gani? (Wata baiwar Allah, Kano)

Amsa: Allah ya raya miki su, 'yar uwa, ya sa wa sana'ar albarka. Amma shawarar nan ki bar wa maƙwabciya abinta. Gorar da aka tsinto, kin san inda ta kwana? Wata daga kwata aka zaro ta, wata daga bolar asibiti, wata an taɓa zuba fiya-fiya ko kalanzir a ciki. Za ki ce ai da tafasasshen ruwa za ki wanke. Gwada ki gani: nan take gorar za ta lanƙwashe ta tsuke, don irin wannan robar ba ta jure zafi. Ruwan sanyi da omo kuwa ba sa kai wa ga dattin da ke maƙale a zaren murfi. Kunun aya da ko a tsaftatacciyar gora ba ya jimirin wuni in babu sanyi, ina ga an zuba shi a mai datti?

Abin nan na ci mini tuwo a ƙwarya. Ana tsimin 'yan nairori a gora, ana raba wa 'ya'yan mutane taifot da gudawa. Haka masu naɗe tsire da ƙosai a tsohuwar jarida, mai yana narkar da tawada, mutane na lashewa. Haka masu juye tuwo da zafinsa a baƙar leda, da masu zuba man gyaɗa a jarkar da ba su san me ta fara ɗauka ba. In mutum ɗaya ya kwanta ta dalilin kayanki, unguwa duka za ta ji, kuma ba sauran ciniki.

Ga abin yi. Ku haɗu ku huɗu ko biyar masu irin sana'ar, ku haɗa kuɗi kamar adashe, ku sari dila guda ku raba. Kina Kano, masana'antun roba na nan a Sharaɗa da Challawa, ki nemi dillalansu maimakon sayen goma-goma a shagon unguwa. Ki kuma riƙa yin ƙullin leda mai tsabta don masu ƙaramin ƙarfi.

Tambaya: Ina sayar da turaren wuta a Instagram. Ina so in buga kwali mai ruwan zinare da sunana, amma masu bugawa sun ce sai dubu zuwa sama. In ci bashi? (Amarya, Kaduna)

Amsa: Bashi a kan kwali? Haba amarya! Kwalba nawa kike sayarwa a wata? Kwalin zai yi shekara a ƙarƙashin gado, damina ta jiƙa shi, ko ki canza lambar waya ya tashi a banza. Sayi kwalba mai kyau mara rubutu, ki buga sitika mai launi ɗaya ko biyu. Kuɗin da ya ragu ki ƙara turare mai kyau.

Tambaya: Garin kununa nake aikawa Legas a mota, kuɗin ɗauka na kashe ni. (Malam, Zariya)

Amsa: Malam, duba kwalinka, ƙila rabinsa iska kake biya wa kuɗin mota. Bar robobi masu murfi, ka koma leda mai kauri da ƙaramin injin liƙewa, sai kwali ɗaya ya ɗauki fiye da na da. Kada dai ka rage kaurin ledar, in ta fashe a hanya asarar ta fi tsimin. Ka kuma guji farar robar soso ta zuba abinci, gwamnatin Legas ta hana ta tun Janairun 2024. A sitika ka bar gurbin ranar yi da ranar lalacewa, ka riƙa buga su da hatimi, don kada bugu ɗaya ya tsufa a hannunka.

Tambaya: Rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, akwai tsada. Zan iya sa lambar abokina a kayana?

Amsa: A'a. Jabu ke nan, kuma ranar da aka kama ka har abokin za ka jawo wa. Je ofishinsu na jiharku ka tambayi tsarin masu ƙananan sana'o'i.