Shin gobarar daji tana gyara daji?

Malam, ka ce ka ji a Amurka wuta tana amfanar daji, kana tambaya ko haka take a nan Sudan. A can akwai itatuwan da 'ya'yansu ba sa buɗewa sai zafin wuta ya taɓa su, shi ya sa dajin Yellowstone ya sake tsirowa bayan gobarar 1988. Namu daban ne.

A yankin Sinnar da Gadarif, lokaci ne ke raba gardama. Wutar farkon kaka, ciyawa da sauran danshi, tana bi ta ƙasa ta cinye busasshen ganye, manyan itatuwa su tsira. Ta bazara kuwa, ciyawa ta bushe ƙayau ga iska, tana kashe ƙananan itatuwa, ta bar ƙasa tsirara ruwan farko ya kwashe ta, dabbobi kuma su rasa kiwo. Ɗakwara, bishiyar ƙaro wadda Larabawa ke kira hashab, ba ta jure wuta. Mai ɗiban ƙaro a Kurdufan ya fi kowa sanin wannan asara. A gandun dajin Dindir ma, masu ɗiban zuma kan tayar da wuta.

In gonarka na bakin daji, share hanyar tare wuta kewaye da ita tun damina na janyewa.