Kafin ka taka kogin ƙanƙara, tambayi daren jiya

Ka ce, "Maigida, tunda lokacin zafi ne, ga sawun mutane a bayyane, me ya sa sai mun ɗaure juna da igiya, mu kuma tashi ƙarfe uku na dare?" To ɗana, zauna ka ji.

Tsaga ce ke cin mutane a kogin ƙanƙara, wato daskararriyar ƙanƙarar da ta taru a kan tsauni. Ƙanƙarar tafiya take yi a hankali, inda ta gangara ko ta sha kwana sai ta tsattsage, wata tsagar zurfinta ya kai mita 30. Dusar ƙanƙara ta hunturu kuma ta rufe bakin, kamar tsohuwar rijiyar da aka shimfiɗa wa tabarma. A nan tsaunukan Alps murfin yana da kauri a watan Yuni, zuwa Agusta ya sirance. Sawun da kake gani yana gaya maka cewa murfin ya ɗauki mutum jiya. Bai ce komai a kan yau ba.

Shi ya sa nake fita waje tun kafin kowa ya farka. In sama ta kwana garau, taurari tar, dusa kan daskare ta yi tauri, ka taka ka ji ƙaras-ƙaras, takalmi bai nutse ba. In gajimare ya kwana a kanmu, zafi bai fita ba, sai ka soka sanda ta shige suɓul har hannu. Ranar nan ko mu sauya hanya ko mu zauna, ko da baƙin da muke yi wa jagora za su ɓata rai. Ka riƙa duba hasashen yanayi don ka san daga wane tsayi ruwa ke fara daskarewa. A Yulin 2022 ma'aikatar yanayi ta Suwizalan ta auna shi a mita 5,184, sama da ƙololuwar Mont Blanc, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Alps. A farkon watan, ranar 3 ga Yuli, wani ɓangaren kogin ƙanƙarar dutsen Marmolada a Italiya ya ɓalle da rana tsaka bayan kwanakin zafi, mutum 11 suka rasu. Allah Ya kiyaye. Tashin dare kuwa don mu gama ƙetarewa ne kafin hantsi ya tausasa dusar. Kuma kada ka raina mai kula da masauki, shi ke jin labarin waɗanda suka sauko jiya.

Inda ƙanƙara take tsirara, babu dusa, kamar ƙasan kogin ƙanƙarar Mer de Glace kusa da garin Shamoni na Faransa a ƙarshen zafi, tsagogi a fili suke, ka kewaye su. A can igiya ma tana iya zama masifa, don in ɗaya ya zame zai ja sauran, babu inda za ka kafa gatari. Amma da ka ga dusa ta rufe, a ɗaura igiya.

In ku biyu ne, bar kamar mita 15 tsakaninku, ka ƙulla ƙulle-ƙulle a tsakiyar igiyar don su cije bakin tsaga in wani ya faɗa. In ku uku ne ko fiye, a rage tazarar. Kada igiya ta yi lako-lako tana jan ƙasa, kada kuma ka naɗe ta a hannu. Wurin hutu ma kada ku taru waje ɗaya sai ka soka sanda ka tabbatar.

Kaya ka san su: ɗamarar ƙugu, farcen ƙarfe na takalmi, gatarin ƙanƙara, hular kwano, sukurun ƙanƙara, gajerun igiyoyin hawa, da baƙin tabarau, don hasken dusa yana ƙone ido. Gwada farcen a takalmin kowane baƙo tun da yamma. Abin da ya fi damuna shi ne jaka. Masu tafiyar kwanaki suna zuwa da tanti da tukunya da abinci a baya, nauyin nan yana karya murfi, in mutum ya faɗa kuma ya kife shi kai ƙasa. Ka ɗaura wa kowace jaka 'yar igiya tun kafin a tashi, yadda mai ita zai iya sauke ta ta rataya ƙarƙashinsa.

Gobe da la'asar ka zo da igiyarka. Zan sauke jaka mai nauyi cikin tsaga, ka tsayar da ita, ka kafa madogara inda za ka ɗaure igiyar, ka fito da ita kai kaɗai. Sai na ga ka yi wannan ba tare da na buɗe baki ba zan bar ka ka shige gaba.