Tambaya da Amsa: Ɗana ya shiga kwalejin shekara biyu a Amurka, anya ba asara nake yi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni mai harkar shanu ne a abbatuwar Oko-Oba nan Agege. Ɗana na fari ya gama sakandare a Legas, ya zana JAMB sau biyu bai samu gurbi ba, da yake a Amurka aka haife shi yana da takardun can sai na tura shi wajen ƙanina a New York. Ni na ɗauka jami'a zai shiga, kwatsam sai ya kira ni wai ya shiga kwaminiti kwaleji a unguwar Bronx, shekara biyu ce kawai, kuma da rana yana aiki a shago. Wani abokina a majalisa ya ce min ai wannan makarantar waɗanda suka faɗi jarabawa ce, kowa ɗauka ake. Wallahi tun ranar barci ya ƙaurace min. Dan Allah ki faɗa min gaskiya, in ce ya bari ko in ƙyale shi? Baban Khalifa, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi ya raya mana Khalifa. Dan Allah kar ka ce ya bari. Abokin naka ya faɗi gaskiya a abu ɗaya, eh kusan duk wanda ya gama sakandare ana ɗaukarsa, amma fassarar da ya yi wa abin ce ba daidai ba. Ai da gangan aka bar ƙofar a buɗe, don haka aka gina makarantun tun asali. Ta farko da gwamnati ta mallaka ita ce ta garin Joliet a jihar Illinois, a 1901, da ɗalibai shida kacal ta fara, kuma shugaban Jami'ar Chicago na lokacin William Rainey Harper yana cikin waɗanda suka assasa ta. A 1947 wani kwamiti da shugaba Truman ya kafa ya ba da shawarar a baza irinsu ko'ina a ƙasar ta yadda ɗan talaka zai samu karatu kusa da gida, yau sun kai wajen dubu, jihar Kalifoniya kaɗai tana da 116.

Shekara biyun nan da ta tsaya maka a rai, ba ƙarshen karatu ba ce. In ya gama za a ba shi shaidar da suke kira asoshiyet digiri, da ita zai iya tsallakawa jami'a ya shiga aji uku, ya yi shekara biyu a ba shi cikakken digiri iri ɗaya da na wanda ya fara tun aji ɗaya a can, sunan jami'ar ne zai fito a takardar. Kamar dai yaranmu da ke gama difloma su shiga jami'a ta DE, wato shiga kai tsaye ba daga aji ɗaya ba. Bambancin a aljihu yake Alhaji, a shekarun nan mazaunin birnin New York yana biyan dala 4,800 a shekara a kwalejojin al'umma, wato kwaminiti kwalejin nan, na CUNY, jami'ar gwamnati ta birnin, alhali manyan jami'o'in kuɗi na birnin sun haura dala 60,000, toh ka lissafa wannan da canjin yau ka ga shanu nawa ne. Ni a ganina ƙaninka ya yi maka tunani mai kyau.

Mutanen da suka bi ta nan ma ba ƙanana ba ne. Eileen Collins, mace ta farko da ta jagoranci jirgin sama jannatin Amurka a 1999, a kwalejin al'umma ta Corning ta fara. Jill Biden kuma tana matar shugaban ƙasa amma ba ta daina koyarwa a irin wannan kwaleji a Virginia ba.

Yanzu bari in faɗa maka inda ya kamata hankalinka ya tashi, domin akwai wajen. Matsalar waɗannan makarantu ba shiga ba ce, gamawa ce. Yawancin ɗaliban irin Khalifa ne, suna aiki, wasu da iyali, wasu direbobin tasi, yaro ya fara ganin dala a hannunsa sai mai shago ya ƙara masa awa, sai ya ajiye darasi ɗaya, zango na gaba ya ajiye biyu, kafin ka ankara shekara huɗu ta wuce ba takarda ba labari, kuma a waya kullum ce maka zai yi karatu na tafiya. Su kansu makarantun sun gane haka, shi ya sa CUNY ta fito da wani shiri mai suna ASAP a 2007, wanda ke ba ɗalibi kuɗin jirgin ƙasa da bas, a taimaka masa da littattafai, a cike masa gibin kuɗin makaranta in ya cancanta, sannan a haɗa shi da mai ba da shawara guda ɗaya da dole ya riƙa zuwa wajensa a kai a kai, shi kuma ɗalibin sharaɗinsa ya ɗauki cikakken karatu ba rabi-rabi ba. Da cibiyar bincike ta MDRC ta bi sawun ɗaliban, kashi 40 cikin ɗari na 'yan shirin sun gama cikin shekara uku, waɗanda ba sa ciki kashi 22. Abin nan yana taɓa min zuciya sosai, don ka ga yaran ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, kuɗin mota ne da wanda zai tambaye su ina aka kwana.

Saboda haka in ka kira shi, bar maganar sunan makaranta. Tambaye shi darasi nawa ya ɗauka wannan zangon, ya ga mai ba shi shawara kuwa, ya cika fom ɗin FAFSA na tallafin gwamnati tunda ɗan ƙasa ne, ya tambaya ko ya cancanci ASAP. Kuma tun yanzu ya san jami'ar da yake hari da kwas ɗin da zai yi, don wani lokacin ɗalibi na tara darussa barkatai ya zo tsallakawa a ce wasu ba za a lissafa masa ba. In kana turo masa wani abu, ka ce na rage awannin shago ne.

Sannan ko da ya ce shi aiki zai kama bayan shekara biyun, ba faɗuwa ba ce. Ma'aikatan jinya da yawa a Amurka da masu ɗaukar hoton ƙashi a asibiti da masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki daga irin waɗannan kwalejoji suka fito, domin kowace kwaleji duba yankinta take ta ga me asibitoci da kamfanonin wajen ke nema sai ta buɗe kwas ɗinsa, ga ajin dare na koyon Turanci ga baƙi, wanda 'yan uwanmu na Nijar da Ghana da ke Bronx sun san amfaninsa.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ina sayar da kayan miya a Mile 12, 'yata ta gama sakandare, ba ni da halin jami'ar kuɗi kuma ba na so ta yi nisa da ni. Akwai makarantar da za ta yi a nan Legas ta fito da abin yi? Maman Ummi, Ketu.

Amsa: Akwai 'yar uwa, Allah ya yi wa Ummi albarka. Mu abin da ya fi kama da wancan tsarin shi ne foli, wato folitaknik. Ga Yabatek nan a Yaba tun 1947, ta yi ND shekara biyu, ta fita IT shekara ɗaya, daga nan ko ta koma HND ko ta nemi jami'a ta DE, kuma suna da karatun wucin gadi ga mai son haɗawa da sana'a. In koyarwa take so akwai kwalejin ilimi ta tarayya a Akoka. In kuma hannunta ne ke da basira, jihar Legas na da kwalejojin fasaha a Agidingbi da Ikotun da Ikorodu da Epe da Ado-Soba.

Abin da ke damuna, kuma zan faɗa, shi ne yadda muke raina irin waɗannan makarantu har kowace burinta ta zama jami'a. A 2022 folin jihar da ke Ikorodu ta koma jami'ar kimiyya da fasaha, kwalejojin ilimi biyu na jihar su ma aka haɗe su suka zama jami'a. Na fahimci dalili, bambancin da ake nuna wa mai HND a wajen aiki ya isa ya sa kowa gudu, amma garin da ke da matatar Ɗangote da tashar jiragen ruwa ta Lekki da masana'antun Ikeja yana buƙatar masu walda da masu lantarki da masu aikin ɗakin gwaji fiye da kullum, kuma yaranmu na Agege da Idi-Araba da Alaba Rago da yawa ƙofar shekara biyun nan ce kaɗai za su iya shiga.

Ki zaunar da Ummi ku duba sakamakonta na WAEC tukuna, in Turanci da lissafi ba su cika ba ta fara gyara su a jarabawar GCE, don kwasa-kwasai da yawa ba a shiga babu su. In lokacin cike JAMB ya zo kuma, ta sa folin a zaɓi na farko in ita take so da gaske, kar ta bar wa mai shagon intanet ya zaɓa mata.