Ina son zama mai ɗaukar hoton fim, daga ina zan fara a Zariya?

Ƙanena, ka tambaya ko sai ka mallaki kyamara mai tsada kafin ka shiga wannan sana'a. A'a. Abin da za ka fara koya shi ne haske. Darakta ne mai labari da 'yan wasa, amma mai ɗaukar hoto ke tsara ta inda haske zai sauka a fuska, wane gilashi za a ɗaura wa kyamara, da ko za ta tsaya cak ko ta bi mutum.

Ɗauki wayarka ka je Ƙofar Doka da hantsi, ka koma da tsakar rana, sannan da la'asar sakaliya, kana ɗaukar wuri ɗaya. Za ka ga rana tsaka tana zuba inuwa a kwarmin ido, fuska ta yi muni. Hazon hunturu kuwa yana tausasa haske, sai dai ƙurarsa ba ta raga wa gilashi.

Idan karatu kake so, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen wasan kwaikwayo a Samaru, a Jos kuma akwai makarantar koyon fim ta Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Amma da yawa daga masu kyamarar Kannywood a lokeshin, wato wurin da ake ɗaukar fim, suka koya, daga ɗaukar jaka da cajin batir da riƙe fitila.

Batun kuɗi, kada ka sa ran albashi. Ana biya ne a kan aiki, wani watan shiru kake ji, shi ya sa da dama ke haɗawa da ɗaukar biki da tallace-tallace.